Babi Na Huɗu: In Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Shaida

Tambayar da ta fi yawan fitowa daga bakin almajiran wannan sana'a, a ranar farko da suka zauna girka kayan aiki, ita ce: "Malam, ga intanet yana aiki, yanzun nan ma na rufe Facebook, don me manhajar nan take cewa ba ta yarda da takardar shaida ba? Wace takarda ce wannan, wa kuma ya aike ta nema?" Mai tambayar ya riga ya sayi allonsa da wayar haɗawa, ya ɗora Arduino IDE bisa yadda muka bayyana a babin da ya gabata, ya shiga sashen da ake kira Boards Manager domin ya sauke abin da allon ESP32 yake bukata, sai kawai ga jan rubutu ya cika ƙasan taga da kalmomin da ko Baturen da ba sana'arsa ba ce ba zai gane kansu ba. Daga nan wani yakan ɗora laifin a kan allo, ya mayar wa mai shago, alhali kuwa allon nan ko jona shi ba a yi ba tukuna.

Dalilin da ya sa ake bukatar intanet tun farko shi ne, kowane irin allo yana da tafintansa, watau manhajar da take juyar da abin da ka rubuta zuwa lambobin da ƙwaƙwalwar allon take ganewa. Tafintan da yake yi wa ATmega328P na allon Uno aiki ba ya jin yaren ESP32, wanda kamfanin Espressif na birnin Shangai ya fitar a 2016. Tun daga 2015 Arduino ya daina tara dukkan tafintocin a cikin jaka ɗaya, ya koma sauke su lokacin da aka bukace su: da farko manhajar takan ɗauko wani ɗan fayil wanda yake kamar fihirisa, mai ɗauke da sunayen kayan da wuraren da suke, sa'an nan ta bi su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu a rumbun GitHub. A bakin kowace ƙofa da ta je, kafin ta karɓi ko da harafi ɗaya, sai ta ce wa mai gidan ya nuna shaidarsa.

Mece ce takardar?

A zamanin da, in manzo ya iso gari da wasiƙa ya ce daga sarki take, hakimi ba ya duban kyawun rawaninsa ko daɗin bakinsa. Abin da yake dubawa shi ne hatimin da ke kan takardar, domin shi ne abin da ɓarawo ba ya iya ƙirƙira cikin sauƙi. Takardar shaida ta intanet ita ce hatimin sabar, watau kwamfutar da ke can nesa tana riƙe da kayan. A cikinta akwai sunan shafin, da mabuɗinsa na fili wanda ake ƙulle zance da shi, da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, da kuma sa hannun wanda ya bayar da ita. Tsarin rubuta ta ana ce da shi X.509, hukumar sadarwa ta duniya ta fara fitar da shi a 1988, kuma shi ya sa za ka riƙa cin karo da wannan lamba a cikin saƙonnin kuskure.

To, amma wa ya shaidi mai sa hannun? A nan ne duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi zai riga ɗan boko fahimta, domin mas'alar ba ta da bambanci da ta isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai an ce wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har silsilar ta kai ga asali ba tare da yankewa ba. In aka sami mutum ɗaya a tsakiya wanda ba a san shi ba, watau majhuli, ko aka tarar an tsallake wani, sai a dakata da ruwayar ko da lafazinta ya yi daɗin ji. Haka kwamfuta take yi. Takardar shafin tana ɗauke da sa hannun wata takarda ta tsakiya, ita kuma ta tsakiyar tana ɗauke da sa hannun wadda ake kira tushe, tushen kuwa shi yake shaidar kansa da kansa. Abin da ya sa ake yarda da shi shi ne sunansa yana cikin wani kundi na amintattu da aka riga aka ajiye a cikin kwamfutarka tun kafin ka saye ta. Microsoft yana da kundinsa, Apple yana da nasa, Mozilla ma haka, kuma kowanne yana ɗauke da tushe fiye da ɗari.

Sai dai ya wajaba in faɗi inda misalin ya tsaya, kada in ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Malamin hadisi yana binciken adalcin mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. Kwamfuta kuwa ba ta san adalci ba. Iyakar abin da takardar take tabbatarwa shi ne, wanda kake magana da shi shi ne mai wannan suna, kuma ba wanda ya shiga tsakaninku yana sauya zance. Mazambaci ma yana iya samun takarda ingantacciya a kan sunan shafinsa.

Idan haka ne, saƙon kuskuren nan hukunci ne wanda yake da illa ayyananniya: ko dai lokacin takardar bai dace ba, ko silsilar ba ta kai ga tushen da aka sani ba, ko sunan da ke kan takardar ya saɓa da sunan da aka nema. Aikin mai gyara shi ne ya gano wace ce daga cikinsu kafin ya taɓa kome.

Fara da agogo

Na taɓa ɓata yini guda cur a kan wata kwamfuta ta hannu da wani ɗalibi ya sayo a kasuwa, irin waɗanda ake shigowa da su bayan an gama mora a Turai. Na cire manhajar na sake ɗorawa har sau uku, na sauya layin waya, na zargi kamfanin sadarwa da abin da bai aikata ba, sai bayan la'asar idona ya kai kusurwar dama ta ƙasa, na ga kwamfutar tana zaune abinta a cikin watan Janairu na wata shekara da ta wuce da daɗewa. Tun daga ranar ban ƙara fara bincike da wani abu ba sai agogo, kuma ina shawartar mai karatu da ya yi koyi da ni a wannan, ko da bai yi a sauran ba.

Ga yadda abin yake. A jikin babban allon kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir, a mafi yawansu mai faɗi kamar kwabo, wanda ake kira CR2032, mai ƙarfin bolt 3, aikinsa shi ne ya riƙe agogo yana tafiya sa'ad da aka kashe na'urar. Yakan yi shekaru, amma yana mutuwa, kuma kwamfutar da ta yi shekara goma a wani ofis kafin ta iso Kano ko Maraɗi, da wuya a ce an taɓa sauya mata shi. In ya mutu, kuma babban batirin ma ya ƙare, duk lokacin da aka kunna sai agogon ya koma wata tsohuwar rana da masana'anta suka dasa. Kwamfutar kuwa ba ta da wata hanyar sanin yau sai agogonta. Saboda haka in aka miƙo mata takardar da aka bayar a bana, sai ta duba ta ga, bisa lissafinta, ranar fara aikin takardar ba ta ma zo ba, ta ƙi karɓa. Kuma a shari'ance ta yi daidai, domin alƙalin da aka kawo wa takarda mai ɗauke da kwanan watan da bai kama ba tukuna, dole ya yi tuhuma.

Takardun yanzu gajerun kwana ne. Hukumar Let's Encrypt, wadda ta fara bayar da su kyauta a 2015 har ta zama ita ce mafi yawan shafuka suke dogara da ita, ta tsayar da kwana 90 ga takardunta na yau da kullum. Ke nan ba sai agogo ya ɓace da shekaru ba. 'Yan watanni gaba ko baya sun isa su rushe aikin. Alamar wannan cuta ita ce ka ga saƙon yana cewa certificate has expired or is not yet valid, ma'ana ta ƙare ko ba ta fara ba. Maganinta na yau shi ne gyara rana da wata da shekara, da zaɓen yankin lokaci na Afirka ta Yamma ta Tsakiya, wanda Nijeriya da Nijar suke ciki, awa ɗaya gaba da lokacin Girinwic, da kunna wa kwamfutar izinin daidaita agogonta daga intanet. Maganinta na dindindin kuwa sabon batir ne, kuma kuɗinsa bai kai na katin data ba. Masu aiki da Raspberry Pi su lura cewa waɗanda suka gabaci na biyar ba su da agogo mai batir ko kaɗan, sai sun sami intanet suke sanin yau.

Kowace manhaja da kundinta

Yanzu mu koma ga hujjar ɗalibin nan, cewa ai shafuka suna buɗewa. Hujja ce mai kama da gaskiya, amma ba ta tsayawa, domin kundin amintattun nan ba guda ɗaya ba ne a cikin kwamfuta. Windows yana da nasa. Firefox yana tafe da nasa daban. Java ma yana da nasa a cikin wani fayil mai suna cacerts, kuma tsohon Arduino IDE, wanda ya tsaya a kan 1.8.19, da Java aka gina shi, yana ɗauke da kwafinsa na Java a cikin jakarsa, wanda ba ya sabuntawa don ka sabunta Windows. Python, wanda aka rubuta PlatformIO da shi, yawancin kayansa suna duba wani kundi mai suna certifi, wanda aka kwafo daga na Mozilla. Git na Windows shi ma yakan zo da nasa. Ka ga ke nan gida ɗaya ne amma alƙalai biyar, kowanne da littafin shaidunsa, kuma shaidar da ta wuce a gaban wannan tana iya faɗuwa a gaban wancan. Ƙari a kan haka, birawuza tana da sassauci: in saba ta manta ba ta aiko da takardar tsakiya ba, birawuza takan nemo ta da kanta ta cike gurbin, alhali yawancin kayan aikin nan ba sa yin wannan ɗawainiya, da sun ga silsila ta yanke sai su tsaya.

Abin farin ciki shi ne, kowane alƙali yana da lafazin da yake yanke hukunci da shi, kuma daga lafazin ake gane mai magana. In ka ga PKIX path building failed, Java ne. In saƙon ya fara da x509, kamar certificate signed by unknown authority, to injin da ke ƙarƙashin sabon Arduino IDE ne, na biyu, wanda ya fito a watan Satumba na 2022, shi kuwa kundin babbar manhajar kwamfutar yake dubawa. In ka ga CERTIFICATE_VERIFY_FAILED da manyan baƙaƙe, Python ne. In kuwa aka ce unable to get local issuer certificate tare da ambaton SSL certificate problem, Git ne ko curl. Duka dai maganarsu ɗaya ce, watau "na bi silsilar, ban ga tushenta a littafina ba", amma sanin mai maganar shi ne yake nuna maka littafin da za ka gyara.

Tushe ma yana mutuwa, kuma an ga haka a fili ranar 30 ga Satumba, 2021. Sa'ad da Let's Encrypt ta fara aiki, sabuwa ce, ba kundin da ya san ta, sai ta jingina da wani tsohon tushe mai suna DST Root CA X3 na kamfanin IdenTrust, kamar yadda baƙon malami yakan shiga gari da ijazar shehin da mutanen garin suka riga suka sani. A cikin shekarun da suka biyo ta yi ta shigar da nata tushen, ISRG Root X1, cikin kundaye. Da wa'adin tsohon ya cika a wannan rana, na'urorin da aka sabunta ba su ji kome ba, amma tsofaffin da ba su taɓa samun sabon tushen ba sai suka wayi gari shafuka masu yawa sun rufe musu ƙofa. Har ma an sami wasu, masu aiki da OpenSSL 1.0.2, waɗanda suna da sabon tushen a kundinsu amma suka nace sai sun bi silsilar ta tsohuwar hanya, suka tarar da mamaci a ƙarshenta, suka ƙi; su maganinsu shi ne a cire mataccen tushen daga kundin gaba ɗaya. Har yau kwamfutar da aka ajiye tun kafin wannan rana, in aka karkaɗe mata ƙura, da wannan ciwo take tashi.

Gyaran kundi ba shi da wuya in an san wanne ne. A Ubuntu da Debian ana sabunta ƙunshin ca-certificates. Windows yana karɓo sababbin tushe daga Microsoft da kansa muddin ba a toshe masa hanya ba, sai dai kwafin Windows da masu gyara suke ɗora wa mutane, wanda aka yanke masa gaɓoɓi domin ya yi sauƙi ko don kada ya ci data, sau da yawa an yanke har da wannan. Mai Mac da ya ɗauko Python daga shafinsa na asali, akwai wani fayil a jakar Python ɗin mai suna Install Certificates.command wanda ake dannawa sau ɗaya, mutane da yawa kuwa ba su san da shi ba. Wanda kuma yake kan tsohon Arduino IDE, mafi sauƙi ya koma na biyu in kwamfutarsa za ta ɗauka.

Akwai wata illa makusanciya wadda takan zo da irin wannan riga. Ka'idar gaisuwar sirri tsakanin kwamfuta da saba, TLS, tana da zubi daban-daban: na 1999, na 2006, na 2008 wanda ake kira 1.2, da na 2018. A watan Fabrairu na 2018 GitHub ya daina amsa gaisuwa da biyun farko, saboda haka tsohon Git ko tsohon Java da bai iya 1.2 ba, ko a kai ga nuna takarda ba a yi. Wannan ba ya gyaruwa da ƙara tushe. Sai an sabunta manhajar kanta.

Mai tsayawa a tsakiya

In agogo daidai yake, kayan aiki kuma sababbi ne, amma ƙin yardar bai gushe ba, to sai a yi zaton akwai wani a tsakaninka da sabar. Ba lalle ne ya zama ɓarawo ba. Manhajojin riga-kafin ƙwayoyin cuta da yawa suna buɗe duk wasiƙar da ta shigo domin su duba cikinta, sa'an nan su sake liƙe ta da nasu hatimin. Kuma domin kada birawuza ta yi ƙara, sukan shigar da tushensu cikin kundin Windows tun ranar da aka girka su. Makarantu da ofisoshi da bankuna ma sukan yi haka a kan layinsu. Sakamakon shi ne birawuza ta yi shiru, Java da Python kuwa, waɗanda ba a sanar da su ba, su ga baƙon hatimi su ƙi.

Gane wannan abu ne mai sauƙi. Ka kwafi adireshin da ya gagara daga cikin saƙon kuskuren, ka buɗe shi a birawuza, ka danna alamar da ke gefen adireshin, ka nemi bayanin takardar, ka karanta sunan wanda ya bayar da ita. In ka ga sunan manhajar riga-kafinka ko sunan ma'aikatarku a inda ya kamata a ga irin su Let's Encrypt ko DigiCert ko Sectigo, ka kama mai shiga tsakanin. Gwaji na biyu shi ne ka bar layin ofis ka jona da intanet ɗin wayarka. In aikin ya tafi, laifin na layin ne. Wani lokaci ma abin bai kai haka ba: layin otal ko na makaranta mai neman a shigar da kalmar sirri, ko layin waya da datarsa ta ƙare, yakan karkatar da kai zuwa shafinsa, sai manhajar ta nemi GitHub a miƙo mata takarda mai wani suna dabam. Ɗalibai nawa ne suka kwana binciken X.509 alhali data ce ta ƙare!

In riga-kafi ne, akwai wurin kashe binciken HTTPS a cikin saitinsa, ko keɓe manhajar da kake aiki da ita. In na ma'aikata ne, ka je wurin mai kula da kwamfutocin ka karɓi takardar tushen daga hannunsa, sa'an nan ka gabatar da ita ga alƙalin da ya ƙi: Java da umarnin keytool, Python ta hanyar nuna masa fayil ɗin da REQUESTS_CA_BUNDLE ko SSL_CERT_FILE, Git na Windows kuwa ana iya ce masa ya bar nasa kundin ya bi na Windows ta saita http.sslBackend zuwa schannel. Na ce daga hannunsa, kuma da gangan na faɗa, domin wanda ka shigar da tushensa cikin kundinka ka ba shi ikon ya yi maka shaida a kan kowane shafi a duniya, har da na bankinka. A 2015 an gano wasu kwamfutocin Lenovo sun fito daga masana'anta da wata manhajar talla mai suna Superfish wadda ta dasa tushenta, kuma masu bincike suka fitar da mabuɗinsa na sirri cikin ɗan lokaci, ya zama duk mai wannan mabuɗi yana iya yi wa masu kwamfutocin sojan gona. Kafin nan, a 2011, an fasa kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, aka buga takardar ƙarya da sunan Google, aka yi leƙen asirin mutane a Iran da ita. Da abin ya bayyana aka soke sunan kamfanin daga kundaye, bai kai ƙarshen shekarar ba ya rushe.

Gurguwar shawara

Duk wanda ya nemi taimako a kan wannan mas'ala, ba zai rasa mai ce masa ya kashe binciken ba: ya sa wa Git http.sslVerify false, ko ya ƙara wa pip na Python kalmar trusted-host, ko ya sa wa curl harafin k. Kuma lalle jan rubutun yakan ɓace nan take, kamar yadda kukan kare yakan ɓace in an ɗaure masa baki. Ra'ayina a kan wannan ba shi da sassauci, kuma dalilina shi ne irin kayan da ake saukewa. Ba hoto ba ne ko waƙa. Tafinta ne, manhaja ce da za ta yi aiki a cikin kwamfutarka da cikakken izininka, kuma duk abin da za ka ɗora wa allo nan gaba ta hannunta zai bi. A 2015 masu rubuta manhajar iPhone da dama a ƙasar Sin, saboda saukewa daga Apple tana yi musu nawa, suka ɗauko kayan aikinsu, watau Xcode, daga wasu rumbuna na kusa, ashe an yi masa cushe, sai ya riƙa dasa ɓoyayyen umarni a cikin duk abin da aka gina da shi, har ya shiga manhajoji sanannu irin su WeChat. Su ba binciken takarda suka kashe ba, amma ƙofar da suka shigo da ɓarnar ita ce dai wannan, watau karɓar kayan aiki daga hannun da ba a tantance ba.

Wani zai ce ai fihirisar nan tana ɗauke da lambar tantancewa ta SHA-256 ga kowane ƙunshi, kuma manhajar tana gwadawa bayan saukewa. Gaskiya ne, amma in ita fihirisar ta zo ta hanyar da ba a bincika ba, wanda ya sauya kayan shi zai rubuta lambar da ta dace da nasa. Arduino yana sa wa tasa fihirisar hannu na musamman. Na sauran kamfanoni kuwa galibi amincin HTTPS kaɗai suke dogara da shi. Mafi muni kuma, mai kashe binciken yakan kashe shi ga kwamfutar duka, ya manta, ya shekara a haka.

In larura ta matsa, akwai mafita da ba ta bukatar wannan. Ka je ga wata kwamfuta lafiyayya ka sauke ƙunshin daga shafin masu shi, ka lissafa lambarsa da certutil a Windows ko sha256sum a Linux, ka gwada ta da wadda ke cikin fihirisa, ka ɗauko shi a filasha, ka ajiye a jakar staging da ke cikin Arduino15. Manhajar in ta tarar da shi a can ba ta sake saukewa. Wannan dabara tana da wani amfani ga malamin da ke da ɗalibai ashirin da data ta mutum ɗaya.

Ragowar illoli biyu

Ta farko ita ce, wani lokaci laifin na sabar ne da gaske, mai ita ya yi sakaci takardarsa ta ƙare. Alamarsa ita ce wayarka ma, a kan wani layi dabam, ta ƙi shafin. Nan ba abin da za ka gyara, sai haƙuri na yini ɗaya ko biyu. Amma kafin ka yi haƙurin, duba adireshin da ka liƙa a saitin Arduino, domin na ESP32 ya sauya fiye da sau ɗaya, tsofaffin littattafai da bidiyoyi kuwa suna nan suna koyar da na da. Na yanzu yana cikin takardun Espressif.

Ta biyun ita ce ta direba. Allunan da suka fi araha a kasuwa yawancinsu suna magana da kwamfuta ta wani ɗan guntu mai suna CH340, na kamfanin WCH da ke Nanjin, kuma Windows mai bit 64 ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannu. Windows 7, wanda Microsoft ya daina kula da shi a watan Janairu na 2020, in ba a ɗora masa gyaran KB3033929 ko wanda ya gaje shi ba, bai iya karanta sa hannu na zamani mai SHA-2 ba, sai ya nuna lambar kuskure 52 a kan direba lafiyayye. Gyaran ake ɗorawa, a kuma ɗauko direban daga shafin WCH.

Da wannan kayan aiki sun zauna, allo ya bayyana a jerin tashoshi. Sai dai mas'alar shaida ba ta rabu da mu ba, domin ranar da za ka umarci ESP32 ya aika da awon zafin ɗaki zuwa wata saba, shi ne zai zama alƙalin, alhali ba shi da kundin amintattu sai wanda ka ba shi, kuma duk sa'ad da aka kunna shi yana farkawa ne yana zaton ranar 1 ga Janairu, 1970 ce. Yadda ake sanar da shi lokaci ta hanyar NTP, da yadda ake ɗora masa tushe a cikin 'yar ƙwaƙwalwarsa, shi ne abin da babi na biyar zai ɗauka, in Allah ya yarda. Mai karatu ya tanadi allonsa, da wayar USB mai ɗaukar bayani, domin wadda ake cajin waya da ita kaɗai ba za ta yi ba.